Zanen Launin Ruwa a Makarantun Karkara: Misali Daga Rurum

Sau da yawa idan aka tambayi malamin firamare a karkara dalilin da ya hana shi koyar da zane, amsarsa ita ce babu kayan aiki. Wannan uzuri ba shi da ƙarfi idan aka zo ga zanen launin ruwa, wato zanen da ake dama launi da ruwa a shafa a takarda da buroshi.

Da farko, wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Abin da ke riƙe launin da ake sayowa daga Turai shi ne ƙaro, wanda almajiri ke sa wa a tawadarsa don ta kama allo. Haka kuma mai yin zayyanar sauka ya daɗe yana sarrafa launuka a kan allo. Saboda haka malami a Rurum, cikin ƙasar Rano, yana iya samun rawaya daga gangamau, ja daga karan dafi, shuɗi kuma daga baba, ya tace, ya zuba ruwan ƙaro kaɗan. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗannan launuka suna koɗewa idan rana ta doke su, amma ga mai koyo sun wadatar.

Idan an sami kuɗin sayayya, kuskure ne a fara da akwati mai launuka 24. Launuka uku, wato ja da rawaya da shuɗi, sun isa, domin daga gare su yaro zai haɗa kore da ruwan goro da ruwan ƙasa da hannunsa. Buroshi biyu, babba da ƙarami, su ma sun isa. Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne takarda mai kauri, domin takardar rubutu tana yamutsewa da zarar ta sha ruwa. A fara da launi mai haske kafin mai duhu, a kuma bar farin takarda duk inda ake son fari. Lokacin hunturu launi yana saurin bushewa, sai a riƙa aiki kaɗan-kaɗan.

Wasu iyaye suna ƙyamar zana abu mai rai, kuma ya wajaba a girmama ra'ayinsu. Amma duwatsun Rurum da gonakin dawa da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, sun ishi yaro abin zanawa shekara guda.

Malamin Hausa ma yana da riba a nan. Yaron da ya haɗa ruwan toka da ruwan ɗorawa da kansa ba zai manta sunayensu ba, kuma zai iya rubuta siffantau a kan abin da ya zana. Don haka ya dace ɗalibin da ke shirin zama malami ya koyi dama launi tun yana kwaleji, kafin a tura shi makarantar da ba ta da komai sai allo da alli.