Rock of Ages: Kiɗa Ya Yi Daɗi, Labarin Fa?

Wanda ya ji sunan Rock of Ages zai zaci tsohuwar waƙar sujadar nan ce ta Turanci. Ina! Fim ne na Amurka da ya fito a 2012, wanda aka ɗinka da waƙoƙin rok na shekarun 1980, irin na su Journey, Bon Jovi da Def Leppard.

Gaskiya kiɗan akwai daɗi. Tom Cruise, wanda ya fito a mawaƙi Stacee Jaxx, da bakinsa ya rera waƙoƙinsa, kuma ya ba da mamaki. Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya ba baƙon abu ba ne a gare mu mutum ya ɓarke da waƙa ana tsakiyar magana.

Amma fa waƙoƙin na aro ne, sun girmi fim ɗin, sai aka dinga lanƙwasa labari don ya dace da su. Ga Sherrie, yarinya daga Oklahoma, ta zo Los Angeles a 1987 neman suna, ta ƙare da rawar tsiraici. Abin kuka ne wannan, amma kafin ka ji zafinsa an sako wata waƙar, an wuce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka nuna matan coci masu neman a rufe gidan kiɗan. Shugabarsu, matar magajin gari, ashe tsohuwar farkar Jaxx ce, haushi ne kawai ke cinta. Da wannan aka toshe bakinsu duka. Ba a bar ko uwa ɗaya ta faɗi abin da take ji wa 'yarta tsoro ba.