Gani ya kori ji, to amma wa ke tace gani?

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a gaban alƙali babu shaidar da ta kai ta wanda ya ce «da idona na gani» nauyi. Sai dai ido ɗan aike ne kurum. Haske yake tarawa ya miƙa wa ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta tsara, ta cike giɓi, ta yanke hukunci, tun mutum bai ankara ba.

Wannan ba sabon zance ba ne. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya zauna Alƙahira, ya rubuta Kitab al-Manazir tsakanin 1011 da 1021. A ciki ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fid da haske ba kamar yadda mutanen da suka zata, ya kuma ce gane abu yana bukatar kwatance da abin da aka taɓa gani. Wajen 1660 Bafaranshe Edme Mariotte ya gano cewa a cikin kowane ido akwai wurin da ba ya gani sam, inda jijiyar gani ke fita zuwa ƙwaƙwalwa. Amma ba wanda ke yawo da rami a tsakiyar ganinsa, domin ƙwaƙwalwa tana liƙe wurin da abin da ke kewaye da shi.

Ƴan kasuwar tufa sun san wannan sha'ani ba tare da sun shiga lakwal dominsa ba. Mai sayen shadda da ya san abin da yake yi ba ya biya sai ya fito da ita bakin shago ya duba a rana. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ba ta karɓar launi yadda ya iso. Sai ta fara kintatar irin hasken da ke wurin, ta cire shi, sannan ta ce wannan shuɗi ne ko fari. In ta yi kuskuren kintace, launin ya sauya, ciniki kuma ya koma rigima. A Fabrairun 2015 hoton wata riga ya raba duniya biyu a intanet: wasu na rantsuwa fara ce da ruwan zinariya, wasu shuɗiya da baƙi. Rigar dai shuɗiya ce da baƙi. Waɗanda suka ga fari ba ƙarya suka yi ba, ƙwaƙwalwarsu ce ta ɗauka a inuwa aka ɗauki hoton.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ido ya kalla, mai idon bai gani ba. A 1999, a jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane su ƙirga jifan ƙwallo a wani fim. Ana cikin wasa sai wani mai shigar goggon biri ya ratsa tsakiyar ƴan wasan. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. A 2013 aka saka ɗan hoton goggon biri cikin hotunan huhu aka ba likitoci 24 ƙwararru. 20 daga cikinsu suka wuce shi, mafi yawansu kuwa idonsu ya sauka daidai kansa. Ƙari suke nema, ba biri ba. Ma'aikacin buro da ke duba tambari da sa hannu a takarda ta ɗari tun safe, haka sifiri ɗaya da aka ƙara a jimilla zai wuce shi, ko da shi mai gaskiya ne.

A kan hanya kuwa kuskuren rai yake ci. Ƙwaƙwalwa ta saba cewa abin da ya dushe yana nesa, don haka lokacin hazo kamyon da ke daf da direba sai ya yi masa kamar da sauran tazara. Da dare, tsakanin Maradi da Zinder, fitila ɗaya tak a gaba kan sa direba ya ce babur ne, ya bar masa ɗan wuri, alhali babbar mota ce da fitilarta ta hagu ta mutu.