Injin feshi ba zai hana fentin ɗaki ɓarewa ba

Bidiyoyin injin feshin fenti sun cika TikTok da Facebook: mutum ya riƙe bindigar feshi, cikin minti biyar ɗaki ya yi fes. Matasa a Gumel da Maigatari sun fara ɗaukar mallakar wannan inji a matsayin matakin farko na shiga sana'ar. Ga ɗakin kwana na talaka kuwa, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a kashe wa kuɗi.

Injin yana buƙatar wuta tsayayya, wato janareta da fetur a yawancin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Sai an tsinka fenti kafin ya bi ta bakinsa, kuma wani kaso na fentin iska yake bi ya sauka a kan taga da tayil. A busasshiyar iskar hunturu ɗigon fentin kan fara bushewa tun bai isa bango ba, sai bangon ya fito da kaushi kamar an watsa masa rairayi. Rola mai dogon mariƙi, da buroshi mai inci 2 na bin kusurwa, da samfefa, da salatif ɗin takarda sun wadatar, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na injin ba.

Abin da ke kashe fenti yana cikin bangon ne. Sabuwar filastar siminti tana son kimanin mako 4 kafin ta bushe sosai. Amma an san yadda ake yi: saura kwana uku a zo jeren amarya, magini ya fita da safe, mai fenti ya shiga da yamma. Ruwan da ya rage a ciki zai nemi hanyar fita, ya taho da wani farin gishiri mai kama da kanwa, ya tura fentin ya kumbura. Kafin damina ta biyu bangon bayan gado ya fara zuba, ango yana zagin mai fenti, mai fenti yana zagin kamfani. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi mai aiki da batir, wadda ta fi injin feshi amfani ga mai sana'a. Wanda ba shi da ita ya manna farar leda a bango, ya rufe gefunanta huɗu da salatif, ya duba washegari. In ledar ta yi gumi ta ciki, bangon bai shirya ba, ko an sa ranar biki ko ba a sa ba.

Ginin ƙasa nasa hukuncin daban. Fentin mai yana toshe shi, danshi ya taru a baya, ya ɓamɓaro har da yaɓen. Farar ƙasa da ake rainawa ta fi dacewa da shi, domin tana barin bango ya sha iska.

Wayar hannu tana da nata aikin, amma a kalkuleta. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kimanin mita 3.6 ne kowane gefe. In tsayin bango mita 3 ne, bango huɗu sun ba da murabba'in mita 43. A cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Shafi biyu ya zama 80. In an rubuta a jikin bokiti cewa lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8, lita 10 ake buƙata, wato rabin bokiti mai lita 20. Mai wannan lissafi a hannu ba a ce masa ya sayo bokiti biyu, ba a kuma tsinka masa galan ɗaya da ruwa har ya koma kamar farau-farau.

Manhajojin gwada launi irin su Dulux Visualizer suna da daɗin wasa, sai dai allon waya yana fitar da haskensa ne, bango kuwa mayar da hasken da ya same shi yake yi. Ruwan madara da ya yi kyau a waya zai iya komawa fari fat a ƙarƙashin ƙwan sola mai 6500K. A shafa kaɗan a bangon, a duba shi da azahar, a sake dubawa bayan isha'i. Gidan da ƙwai ɗaya ke haskawa kuma ya guji launi mai duhu, domin shanye hasken yake yi.

Sauran magana ta yara ce. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kashi 90 cikin miliyan. Fentin da aka ɗura a jarka ba suna, ba adireshin kamfani, babu mai iya cewa me ke cikinsa, ko a kasuwar Alhamis ta Maigatari aka saya ko a Kano. Ɗakin da yaro zai yi rarrafe a yi masa fentin ruwa, kuma in za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa bangon tukuna, a fitar da yara har a gama goge ƙurar.