Guntun Gatarinka: Rediyon Sha'awa da Dogaro da Kai a Gaɓar Tafkin Kainji

Tun daga shekarar 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, Bahaushe ya yi suna wajen sauraron rediyo, kuma a kan sauraron ne akasarin nazarce-nazarcen Hausa suka tsaya. Amma akwai wani fanni da ya cancanci kulawar masana, wato rediyon sha'awa, inda mutum kan nemi lasisi, ya haɗa na'urarsa, ya aika da magana da kansa ba don neman kuɗi ba. Masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris a 1925, kuma alamar kiran tashoshin Nijeriya kan fara da 5N.

Ƙasar Yauri na cikin wuraren da suka fi buƙatar wannan ilimi. Bayan kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya cinye tsibirai da garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, har yau kuma masunta da 'yan kasuwar Yauri da Ngaski da Shanga a kan ruwa suke neman abinci. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja ya nitse kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa. Rediyo ba ya hana lodin da ya wuce kima, amma yana rage tazarar da ke tsakanin hatsari da isowar ceto.

Wayar salula ta dogara ne da turakun kamfani, kuma rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 ya nuna cewa ana iya katse ta a dare ɗaya. Mai rediyon sha'awa kuwa, da batir mai bolt 12, da farantin sola, da wayar eriya mai tsawon kimanin mita 20, zai iya kai muryarsa ɗaruruwan kilomitoci a kan gajeren zango. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wasu za su ce miyagu ma na amfani da oba-oba. Gaskiya ne, amma su ba su jiran lasisi. Mai lasisi kuwa dole ya ambaci alamar kiransa, kuma doka ta hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa.

Babban cikas shi ne harshe. Muddin darussan wannan fanni na cikin Ingilishi kaɗai, mai gyaran rediyo a kasuwar Yelwa ba zai amfana ba, komai ƙwarewar hannunsa. A nan nauyi ya hau kan sassan nazarin Hausa: su haɗa kai da malaman kimiyya da masu gyara, su tattara kalmomin da ake amfani da su a rumfuna, su ƙirƙiri waɗanda babu, sannan su samar da littafin koyarwa wanda matuƙin jirgi a Wara zai karanta ya gane.