Kasafin ilimi: wa ya tambaye mu?

Jama'ar Gaya da Ajingi, tambaya gare ku. A cikinmu wa ya taɓa ganin kasafin kuɗin firamaren garinsu da idonsa?

Na kusa shekara ashirin ina aikin gwamnati, na san yadda ake yi. Hedimasta ya rubuta buƙatunsa, sakataren ilimi ya tattara, a kai Kano, majalisa ta amince, shi ke nan. Uban yaro bai sani ba, balle uwa.

A yawancin gundumomin jihar New York ta Amurka, duk watan Mayu mutanen gari ne ke kaɗa ƙuri'a kan kasafin makarantunsu. In suka ƙi, a sake zama.

Mu fa ko ƙuri'ar ba mu nema ba tukuna. Gwamna Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, madalla. To nawa ne rabon Toranke? Nawa ne na Kademi? Benci nawa, malami nawa, rufin aji nawa?

Wani zai ce mutanen ƙauye ba su gane lissafi. Haba malam! Wanda ke auna buhunan gero a kasuwa?

A manna takardar a ƙofar ofishin hedimasta, 'yan SBMC su karanta wa iyaye da Hausa kafin a kai ta Kano.