Kafin ka sayar da manhajarka, duba lasisin laburaren da ka jingina da shi 🧵

1/ Masu rubuta manhaja ku matso. Makon jiya saura ƙiris in sayar wa wani mai kantin magani manhajar lissafin kaya da na rubuta da Python. Sai abokina ya ce, "PyQt ɗin nan da ka yi fuskar manhajar da shi, wane lasisi gare shi?" Na yi tsit.

2/ PyQt hanya biyu ce: ko GPL v3, ko ka biya kuɗi. GPL bai hana ka sayarwa ba fa. Amma wanda ka ba manhajar yana da haƙƙin karɓar kod ɗinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Ni kuwa niyyata in kulle kod ɗin in bi kantuna ina sayarwa.

3/ Sai na kawo wayon da kowa ke kawowa: ai ban narka laburaren cikin manhajata ba, yana fayil ɗinsa daban, sai ta tashi aiki take kiran sa. Kenan GPL bai shafe ni ba, ko?

4/ Free Software Foundation, masu GPL ɗin, sun ce ya shafe ka. A wurinsu ko ka narka, ko ka kira lokacin aiki, in suna gudana tare suna musayar bayanai, sun zama abu ɗaya. Akwai lauyoyin da ba su yarda ba. To amma ɗalibi kamar ni zai ɗora sana'arsa a kan gardamar lauyoyi?

5/ Ba yau aka fara ba. A 1992 Richard Stallman ya yi musu da marubucin CLISP saboda yana amfani da laburaren Readline mai GPL. Ƙarshe CLISP ya koma GPL.

6/ Masu sayar da fulogin na WordPress, ku ma da ku. WordPress GPL ne, kuma matsayarsu ita ce kod ɗin PHP na fulogin ya gaji lasisin.

7/ Kuma ba duk lasisin kyauta ke zama inuwa ɗaya ba. Apache 2.0 yana haɗuwa da GPL v3, amma ba ya haɗuwa da GPL v2 zalla.

8/ Mafitata? LGPL, wanda aka yi don irin wannan haɗin. Na koma PySide6. Kod ɗina nawa ne, sharaɗi dai in bayyana cewa na yi amfani da laburaren, in bar mai saye ya iya musanya shi. Kwana uku na yi ina gyara.

9/ Ra'ayina: wanda ya ba ka guminsa kyauta ya gindaya sharaɗi, bi ta bayan gida ba wayo ba ne, cin amana ne. In sharaɗin bai yi maka ba, biya ko ka canza laburare.

10/ Kafin ka sauke komai, buɗe fayil ɗin LICENSE. Minti biyu ne. Wa ya taɓa karanta shi tsakani da Allah? 👇