Allo Ya Shiga Waya, Amma Malami Yana Nan

Jama'a, zaɓe ya ƙarato, kuma duk ɗan takarar da ya hau mumbari sai ka ji ya ce zai raba wa 'yan makaranta kwamfuta. To, mai karatu, kafin ka tafa masa, tsaya mu yi maganar nan dalla-dalla, don makomar ɗanka ce ake ciniki a kanta.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta. Yaron da ya taso a ƙauye, bai taɓa ɗora yatsa a kan na'ura ba sai ranar jarrabawa, yaya zai kara da ɗan birni? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Maris na 2020 kuma annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan, aka yi wata shida ko fiye. 'Ya'yan masu hali suka ci gaba da karatu ta intanet, ɗan talaka kuwa in ya yi sa'a ya ji darasi a rediyo, in bai yi ba shi ke nan.

Maganin da ake ta faɗa shi ne manhajar tafiyar da karatu. Mene ne ita? Ka ɗauke ta tamkar allo da rajista da akwatin littattafai ne aka haɗa wuri ɗaya cikin waya ko kwamfuta. Malami ya ɗora darasi, da rubutu ko da murya ko da hoto mai motsi. Kowane ɗalibi yana da sunansa da lambarsa ta sirri, ya shiga ya karanta, ya maimaita sau nawa ya ga dama, ya yi aikin gida ya miƙa. Ƙananan gwaje-gwaje manhajar ce ke makawa nan take. Kashegari malami ya shigo aji ya riga ya san wa ya gane, wa ya kasa, sai ya kashe lokacinsa a kan wurin da ya gagari yara. Wannan shi ne karatun gami: wani sashe gaba da gaba a aji, wani sashe ta na'ura.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa sai an ƙirƙiro sabuwa da kuɗi masu yawa. Akwai Moodle, wadda wani mutumin Ostareliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, kyauta ce. Akwai Google Classroom tun 2014. Akwai Kolibri, wadda aka tsara don ta yi aiki inda babu intanet: a zuba darussa cikin kwamfuta guda a makaranta, sauran na'urori su ɗiba daga gare ta. A nan gida kuma, a 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, har da darussa cikin Hausa. Ashe ke nan manhaja ba ita ce ta gagara ba.

Abin da ya gagara uku ne. Na farko malami. Malamin da ba a horar ba, wanda albashinsa ke makara, ga yara cunkus a gabansa, ba zai zauna da dare yana ɗora darasi ba. Dattawanmu sun tuna 1976, lokacin da aka buɗe shirin UPE na ilmin firamare kyauta: yara suka yi ambaliya fiye da zato, malamai suka yi kaɗan. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike wannan giɓi. Kada mu maimaita, mu tara na'urori babu mai sarrafa su.

Na biyu wuta. Kwamfuta babu lantarki ai dutse ce. Makarantar da ba ta da wuta, a fara sa mata faranti mai amfani da hasken rana da batir, da mai gyara in sun lalace.

Na uku kuɗin data da ita kanta wayar. In aka ce uba ne zai saya, to an sake raba yara gida biyu. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, da wuya ta kai hannun 'ya mace. Saboda haka dole makaranta ta zama tana da ɗakin da kowane yaro zai shiga ya yi aikinsa, mace da namiji, ba da ko kwabo ba.

Ina kuɗin za su fito? Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya don ilmin tushe, amma jiha ba ta karɓar tallafinta sai ta ajiye nata kason. An sha samun jihohin da suka bar kuɗin yaransu a kwance saboda sun ƙi ajiyewa. Wannan kuwa aikin gwamna ne da 'yan majalisar jiha, wato mutanen da kai za ka zaɓa da hannunka.

Don haka, ɗan'uwa, duk wanda ya zo neman ƙuri'arka, ko da ɗan jam'iyyarmu ne, tambaye shi a gaban jama'a. Malamai nawa zai horar, kuma a ina? Wa zai biya wuta da data bayan an gama bikin buɗewa, 'yan jarida sun watse? Zai ajiye kason jiha na UBE kowace shekara? In ya amsa da lissafi, saurare shi. In kuwa ya ɗaga kwamfuta sama don a ɗauke shi hoto, ka san kwangila yake hange, ba karatun ɗanka ba.

Ƙuri'arka ɗaya ce, kada ka sayar da ita a kan kwali mai sheƙi. Allah ya yi mana jagora, ya shirya mana zuriya, amin.